Sunan Direba Yana Riga Motarsa Isa

Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwa direbobin manyan motoci, waɗanda wataƙila yanzu haka suna jin mu daga kan mota, sun faka a wani wurin hutawa na gefen titin M6, suna jiran lokacin hutu ya cika. Sharhinmu na yau naku ne. Amma na iyalanku ne kuma, da na matasan da ke shirin shiga wannan sana'a a Birmingham da Manchester da sauran biranen Birtaniya. Maganar guda ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta. Direban babbar mota ba shi da jarin da ya wuce sunansa. Motar ba tasa ba ce. Kayan da ya ɗauko ba nasa ba ne. Man da ke cikin tanki ma wani ne ya biya. Abin da yake nasa shi kaɗai shi ne shaidar da ake yi masa. A wannan ƙasa kuwa, shaidar nan a rubuce take.

Bari mu fara daga unguwar Edgbaston. Wanda ya san Birmingham, da ya ji sunan unguwar, filin wasan kurket ne zai faɗo masa a rai, ko Jami'ar Birmingham, ko manyan gidaje masu itatuwa. Amma masu harkar sufuri wani adireshi suka fi sani. Lamba 38 a kan titin George Road, ba nisa da Five Ways. Shekaru da dama nan ne ofishin Kwamishinan Sufuri na yankin West Midlands. Na yankin da Manchester take ciki kuma a Golborne yake, kusa da Warrington. Kwamishinonin nan ba 'yan sanda ba ne. Ba kuma alƙalan kotun laifi ba ne. Tun dokar hanya ta 1930 aka kafa muƙamin, kuma a yau an raba ƙasar yankuna takwas. Su ne ke ba kamfanoni izinin sa manyan motoci a hanya. Su ne ke karɓe izinin. Su ne kuma ke duba halin direba, su ce ya cancanci riƙe lasisin babbar mota ko bai cancanta ba. Direba yakan zo da wasiƙar gayyata a hannu. Ya zauna, kwamishina na gabansa, tarihin tuƙinsa na kan tebur. Ba a ɗaure kowa a ɗakin nan. Amma mutum yana iya shiga da sana'a, ya fito babu ita.

To, a nan akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba sai ya same su. Direba zai yi laifi a hanya, kotu ta ci shi tara, ta sa masa maki a lasisi. Ya biya, ya ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Kotu ta hukunta abin da ya wuce ne. Shi kwamishina gaba yake kallo. Tambayarsa ita ce, shin za a iya amince wa wannan mutum da mota mai nauyin tan 44 gobe da safe? Dokar hanya ta 1988 ce ta ba shi wannan hurumi. Yana iya jan kunne kawai. Yana iya dakatar da lasisin na wasu makonni. Yana iya soke shi ɗungurungum. Ko wanda kotu ta hana tuƙi na dogon lokaci, idan wa'adinsa ya cika, ƙaramar mota ce za ta dawo masa. Ta babbar mota sai an sake duba lamarinsa. Haka kuma su kamfanonin. Dokar 1995 ta shardanta cewa mai kamfani da manajan sufurinsa su kasance masu kyakkyawan suna. Idan sunan ya zube, izini ya tafi, ko da kuwa motocin sababbi ne fil, kuɗi kuma na nan jibge a banki. Ku lura da wannan, jama'a. Ƙasar da ake ganin komai nata takarda ne da na'ura, ita ce ta ɗora harkar sufurinta kacokan a kan mutunci.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, kuma nan ne nake so mu ɗan daɗe. Fatauci mai nisa bai taɓa tafiya ba tare da amana ba. Ayarin da ke zuwa Gwanja neman goro a bayan madugu yake tafiya, kuma ba a naɗa madugu sai wanda aka sani. A unguwar Sabo ta Ibadan, wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikin Hausawa, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda cinikin shanu da goro ke gudana. Abin da ya gani shi ne dukiya mai yawa tana yawo tsakanin Arewa da Kudu ba tare da wata takardar kotu ba. Maigida ne ke tsaya wa baƙo. Dillali ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke gudu. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labari ya riga shi isa kowane zango. Da motoci suka maye gurbin jakuna da raƙuma, tsarin bai mutu ba. Yaron mota yakan yi shekaru a ƙarƙashin ubangidansa. Yana wanke mota, yana sa wejin taya, yana kwana a kan lodi. Ranar da za a ba shi tuƙi, ba jarrabawa kaɗai ake dubawa ba. Mai mota zai tambaya, yaron wane ne? Wa ya koya masa? Wa zai tsaya masa? A tasha, daga Mararrabar Jos har Tafa, kowa ya san direban da ke kai kaya cif-cif da wanda buhu ke ɓata a hannunsa.

Yanzu ku ɗauko wannan direba, ku ajiye shi a Trafford Park ta Manchester, a gaban wani manajan sufuri da bai taɓa jin sunan Kano ba. Manajan bai san mahaifinsa ba. Bai san ubangidansa ba. Babu maigidan da zai ce, wannan nawa ne, na tsaya masa. To wa zai yi masa shaida? Rikodinsa ne. Abin da maigidan Sabo ke yi da baki, a nan kwamfutar hukumar lasisi ta DVLA da ke Swansea ce ke yin sa. Tun watan Yunin 2015 aka daina amfani da takardar da ke rakiyar katin lasisi. Yanzu direba zai shiga intanet ya ciro wata lamba, ya miƙa wa mai ɗaukar aiki. Cikin minti ɗaya an ga komai. An ga irin motar da aka yarda ya tuƙa. An ga makin laifinsa. An ga ko an taɓa hana shi tuƙi. Ba a ganin kirkinsa, ba a ganin yawan bakin da yake ciyarwa a gida. Wannan shi ya sa nake cewa rikodin ya fi muhimmanci ga baƙo a kan ɗan ƙasa. Ɗan ƙasa yana iya samun kawun da ya taɓa aiki a kamfanin. Baƙo takardarsa ce danginsa.

Sannan a sani, rikodin nan ba ranar da aka hau babbar mota yake farawa ba. Wannan jan hankali ne ga matasanmu. Wanda ya zo da lasisin Najeriya, shekara guda kawai zai yi yana tuƙa ƙaramar mota da shi, daga nan sai ya yi jarrabawar nan ƙasar. Da yawa da aikin kai saƙo ko tasi suke farawa, suna tara kuɗin koyon babbar mota. A wannan lokaci ne ake kwasar maki. Kyamara ta kama gudu a nan, an tsallake jar danja a can. Riƙe waya a hannu kuwa, tun watan Maris na 2017, maki shida ne da tarar fam 200. Maki 12 cikin shekara uku, a bisa al'ada an hana mutum tuƙi wata shida. Tuƙi cikin maye kuma shekara 11 yake yi a rubuce. Ranar da saurayi ya nemi lasisin babbar mota, duk wannan na nan yana jiran sa, kuma ana iya tura takardarsa gaban kwamishina tun bai taɓa sitiyarin tirela ba.

Idan ya samu shiga, sai ya tarar da wani mai shaidar a cikin motar kanta. Na'urar takograf ke nan, wadda ke rubuta lokacin tuƙi da na hutu. Kowane direba da katinsa mai hotonsa. Da safe zai zura katin, daga nan na'ura ta fara lissafi. Ta san lokacin da taya ta motsa. Ta san lokacin da ta tsaya. Ta san gudun da aka yi. Bayan tuƙin awa huɗu da rabi, dole a huta minti 45. A yini kuma awa tara ce ƙa'ida, sai ɗan ƙarin da aka yarda da shi sau biyu a mako. Idan jami'an hukumar DVSA suka tsayar da mota a gefen hanya, na'urar za ta turo wata siririyar takarda doguwa kamar rasitin kanti. A jikinta ranar direba take gaba ɗaya, minti bayan minti. Ba ta san uzuri ba. Ba ta san cewa an makale a cunkoson Spaghetti Junction ba, ko cewa an bar mutum yana jira awa uku a bakin sito. Idan akwai dalili, direba ne zai rubuta shi da hannunsa a bayan takardar tun a lokacin. Direban da ya saba yin haka yana gina wa kansa shaida ne, ko bai sani ba.

Kuma ba shi kaɗai yake gina wa ba. Wannan shi ne mataki na gaba a maganarmu. Duk lokacin da aka tsayar da mota aka sami matsala, hukuma na rubuta wa kamfanin. Akwai ma'aunin da ake sa kamfanoni a kai, kore ko ruwan ɗorawa ko ja. Kamfanin da ya faɗa ja, motocinsa ne za a riƙa tarewa a kai a kai. Tarewa ɓata lokaci ce, ɓata lokaci kuma asara. Kamfanin inshora ma yana kallo, yana ƙara kuɗi. In abin ya yi yawa, mai kamfanin ne zai tsinci kansa a gaban kwamishina yana kare izininsa. Saboda haka idan manaja ya ga maki tara a lasisi ya ce a yi haƙuri, ba lallai ƙiyayya ba ce. Tsoro ne. Yana kare nasa sunan ne, da abincin sauran direbobin da ke ƙarƙashinsa.

To, yanzu bari mu saurari masu ja da wannan magana, domin suna da hujjoji, kuma wasu hujjojin masu nauyi ne. Na farko zai ce, malam, ai direbobi ake nema ruwa a jallo. Ba mu manta da 2021 ba. Ƙungiyar masu motocin dakon kaya ta ce ana da giɓin direbobi kusan 100,000. A watan Satumba na shekarar gidajen mai suka ƙafe, aka yi ta layi, har gwamnati ta buɗe bizar wucin gadi ga direbobi 5,000 daga waje. Wa ke duba maki a irin wannan hali? Amsa ita ce, ƙarancin direbobi ya ɗaga albashi, amma bai goge wa kowa laifi ba. Kwamishina bai rufe ofis ba. Kuma kasuwa juyawa take yi. Lokacin da ake neman kowa, mai tabo zai sami aiki. Amma wane aiki? Na kwana ɗaya ɗaya ta hannun 'yan kwangilar ɗaukar ma'aikata, yau akwai gobe babu. Aikin dindindin, mai fansho, mai dawo da mutum gida ya kwana cikin iyalinsa, wannan tacewa ake yi. Dakon mai da na sinadarai, inda kuɗin yake, ya fi kowanne tacewa. Idan kuma kasuwa ta ja baya, mai tabo ake fara sallama.

Na biyu zai ce, tsarin ya yi tsauri. Ɗan adam ajizi ne. Don mutum ya duba waya na daƙiƙa biyu, sai a raba shi da abincinsa? Wannan ƙorafi yana da daɗin ji, har sai an tuna abin da ya faru a titin A34 ranar 10 ga Agustan 2016. Wani direban babbar mota yana lalube a wayarsa, yana neman waƙar da zai saurara. Motoci sun tsaya a gabansa, bai gani ba. Ya afka musu. Uwa da yara uku suka mutu nan take. Kyamarar cikin motarsa ta ɗauki komai. Abin da ya fi tayar da hankali, kotu ta ji cewa ba a fi awa guda ba da ya sa hannu a takardar kamfaninsa yana alƙawarin ba zai taɓa waya a kan tuƙi ba. An ɗaure shi shekara 10. Tun watan Yunin 2022 kuma, kisa ta hanyar tuƙin ganganci yana iya kai mutum ga ɗaurin rai da rai. Jama'a, duba wayar da ya kashe mutum huɗu da duba wayar da bai kashe kowa ba, aiki iri ɗaya ne. Bambancinsu kawai abin da ke gaban motar a wannan daƙiƙa. Wanda aka dakatar na wasu makonni saboda waya, ba zaluntarsa aka yi ba. An tare shi ne tun kafin ranar da za a sami mota tsaye a gabansa.

Na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci, kuma ba zan yi masa gaggawa ba. Zai ce, kuna ta ɗora wa direba, alhali shi ne mafi rauni a cikin harkar. Ofis ne ke tsara tafiyar da ba za ta yiwu cikin lokaci ba. Ofis ne ke bugo waya yana cewa ina kake, kaya sun makara. Ofis ne ke cewa lallaɓa da motar haka nan, gobe a duba birkin. Direban da ya ƙi, musamman baƙo mai kuɗin haya a wuya da 'yan uwa a gida suna jiran aike, gobe ba za a kira shi ba. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya musa bai san aikin ba. Amma mu dubi abin da ya faru a birnin Bath ranar 9 ga Fabrairun 2015. Wata tifa ɗauke da kaya ta gangaro daga tudu, birki ya ƙi. Mutum huɗu suka rasu, ciki har da yarinya 'yar shekara huɗu. Direban saurayi ne ɗan shekara 19, bai daɗe da fara aikin ba. Da aka je kotu, aka tono yadda kamfanin ke wasa da gyaran motoci. Mai kamfanin da makanikinsa aka samu da laifin kisa, aka ɗaure su a farkon 2017. Direban kuwa aka wanke shi. Abin da wannan ke nuna mana shi ne doka tana iya bin sawu har cikin ofis. Amma sawun sai an bar shi. Shi ya sa ake ba direba takardar duba mota kowace safiya. Ya zagaya, ya duba taya da fitila da birki, ya rubuta abin da ya gani. Wanda ya rubuta cewa birki na da matsala, ya ajiye kwafinsa, ya mayar da nauyin kan mai shi. Wanda ya sa hannu cewa komai lafiya don kada a ga baƙinsa, ya ɗauki laifin wani ya rataya a wuyansa. Ban ce ƙin tuƙa motar da ba ta da lafiya abu ne mai sauƙi ba. Yana iya jawo asarar aikin wannan mako. Amma mai lasisi mai tsabta zai sami wani kamfanin. Wanda aka soke wa lasisi, duk kamfanonin ƙasar sun rufe masa ƙofa a rana ɗaya.

Akwai ja na huɗu, kuma shi ne zai kai mu ga zuciyar maganar. Wani zai ce, takarda mai tsabta ba ita ce direba nagari ba. Wani bai taɓa shiga hannu ba ne kawai. Wannan ma haka ne. Birnin Glasgow ya ga misalinsa ranar 22 ga Disamban 2014. Motar kwasar shara ta ƙwace a tsakiyar gari, ana tsakar sayayyar Kirsimeti. Direban ya suma a kan sitiyari. Mutum shida suka mutu. Binciken da aka yi ya gano cewa ya taɓa suma a 2010 lokacin yana tuƙa bas, kuma ya yi ta ɓoye tarihin lafiyarsa ga likitoci da masu ɗaukar aiki da hukumar lasisi. A takarda, ba shi da aibu. To me wannan ke koya mana? Ba wai rikodi banza ba ne. Yana nuna cewa tsabta iri biyu ce. Akwai wadda aka samu da kiyayewa, akwai wadda aka samu da ɓoyewa. Ta biyun bashi ce, kuma wasu ne ke biya da rayukansu. Saboda haka idan na ce direba ya tsare sunansa, ba ina nufin ya tsare takardarsa ta kowace hanya ba. Ina nufin abin da ke rubuce ya zama shi ne gaskiyar abin da ke akwai. Mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko mai yawan gyangyaɗi da rana saboda numfashinsa na sarƙewa cikin barci, ya gaya wa likita, ya sanar da hukuma inda doka ta ce a sanar. Da yawa ana yi musu magani su koma bakin aiki. Larura ba laifi ba ce. Ɓoye ta ne laifi.

Wannan ya kawo mu kan wani abu da ya shafe mu kai tsaye, kuma sai an yi haƙuri da ni. Mu mutane ne masu zumunci, kuma abin alfahari ne. Amma zumunci yana da inda yake tsayawa. Ɗan uwa zai zo ya ce, makina sun kusa cika, ka karɓi wannan a madadina, ka ce kai ke tuƙi. Wani zai ce, awannina sun ƙare, ara mini katinka in ƙarasa. Ana ganin taimako ne. A idon doka kuwa, wanda ya nema da wanda ya bayar duk sun shiga uku. Yin ƙarya a rikodin takograf yana iya kai mutum kurkuku har shekara biyu, kuma yana cikin abubuwan da kwamishina ba ya sassauci a kansu. Batun karɓar maki kuwa, ku tuna da Chris Huhne. Ya taɓa zama minista a gwamnatin Birtaniya. Kyamara ta kama motarsa da gudu a 2003, matarsa ta karɓi makin. Shekara 10 bayan haka, a 2013, aka ɗaure su wata takwas takwas, bayan ya rasa kujerarsa. Laifin asali maki uku ne kacal. Ƙaryar ce ta kai su gidan yari. Idan minista bai tsira ba, ina ga direban da ya zo neman halaliyarsa? Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a ƙasar kyamara ya fi ƙurewa.

To wanda ya riga ya yi tabo fa? Shi ke nan tasa ta ƙare? A'a. Yawancin maki shekara huɗu suke yi a rubuce su fita. Dokar 1974 ta ba mai laifi damar wanke sunansa bayan wani wa'adi. Wanda kwamishina ya yanke wa hukunci yana da damar ɗaukaka ƙara a kotun majistare. Abin da ke kashe mutane shi ne gudu. Wasiƙa ta zo, a jefa ta cikin durowa, a ce Allah ya kyauta. Ranar zama ta zo, ba a je ba, a yanke hukunci a bayan ido. Wanda ya je da kansa, ya amsa abin da ya yi, ya nuna horon da ya ƙara, ya kawo wasiƙar shaida daga wurin aikinsa, ya ba kwamishina dalilin sassauci. Wanda ya je yana kame-kame, alhali takardar na'ura na kan tebur tana ƙaryata shi, ya ƙara wa kansa laifi na biyu a kan na farko, kuma na biyun ya fi wuyar gyara.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya ja. Ga direbobinmu, in an sauka aiki yau, a shiga shafin hukumar lasisi a duba abin da ke rubuce a kan sunanka, kada ka fara jin sa daga bakin manaja. A duba ranar ƙarewar katin horon direbobi na awa 35 da ake sabuntawa duk shekara biyar. In akwai wasiƙar da ke cikin durowa, a buɗe ta yau, a nemi shawarar ƙungiyar ƙwadago ko lauya. Ga iyaye da matan aure da 'ya'ya kuma, ku ma da aikinku. In kun san maigida yana kan hanya, ku bar kiran har ya tsaya, saƙon zai jira. In ya dawo daga aikin dare, a kama yara, a bar shi ya yi barcinsa. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.